Yadda za ki shirya wa fiziks da kemistiri a jarrabawar OAT

Wata ƙanwarmu da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ta aiko da tambaya. Tana shekarar ƙarshe a digirin bayoloji, burinta ta shiga makarantar optometri, inda ake horar da likitocin da ke auna gani, su rubuta tabarau, su gano cututtukan ido. Kafin nan sai ta zauna OAT, jarrabawar shiga irin waɗannan makarantu. Ta ce bayoloji ba ya ɗaga mata hankali, amma rabonta da fiziks shekara biyu ke nan, kemistirin oganik kuwa da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake shi. Wata uku ya rage mata. Ta ina za ta kama?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Wata uku ya isa, amma fa da sharaɗin ba za ki maimaita irin karatun aji ba. A aji ana ba ki tambayoyi kaɗan da lokaci mai yawa, ga kalkuleta a hannu, malami kuma yana ba ki maki a kan matakan da kika bi ko da amsar ƙarshe ta kauce. OAT ba ruwanta da matakai. Amsa ɗaya ce daidai a cikin zaɓin da ke gabanki, agogo kuma yana tafiya a fuskar kwamfuta. Duk shawarar da zan ba ki daga wannan agogon ta fito.

Ƙungiyar makarantun optometri ta Amurka, ASCO, ita ke da jarrabawar, ƙungiyar likitocin haƙori, ADA, ke gudanar da ita, a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin Prometric ake zama. Kashi na farko minti 90 ne, tambaya 100: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, oganik 30. Daga nan sai fahimtar karatu, sai hutu, sai fiziks mai tambaya 40 a minti 50, a rufe da lissafi. Idan kika raba, kowace tambayar fiziks daƙiƙa 75 take da shi, ta kashin farko kuwa daƙiƙa 54. Kalkuleta a ɓangaren lissafi kawai take fitowa; a fiziks da kemistiri daga ke sai kanki da ɗan allon da za a ba ki na zane. Maki daga 200 zuwa 400 ne, kuma banda makin kowane fanni, makarantu na duba makin kimiyya da ake haɗawa daga bayoloji, kemistiri biyun da fiziks. A cikin waɗannan tambayoyi 140, guda 100 daga fannonin da kike shakka suke. Saboda haka ƙarfinki a bayoloji ba zai rufa miki asiri shi kaɗai ba.

Masu karatu daga Najeriya su lura, hanyarsu daban ce. Can daga sakandare ake shiga ta JAMB, a yi shekara shida, kamar yadda ake yi a Jami'ar Benin ko Jami'ar Bayero ta Kano. A Amurka galibi sai an gama karatun jami'a na farko sannan a ƙara shekara huɗu. Amma abin da zan faɗa kan haske da asid zai yi wa mai JAMB amfani shi ma.

Ki fara da ilimin haske. Littattafan fiziks can baya suke ajiye shi, bayan motsi da zafi da lantarki, shi ya sa ɗalibai da yawa kan iso wurinsa a gajiye, saura 'yan kwanaki. Ke ki sa shi gaba. Da shi za ki ci abinci har ƙarshen aikinki, ƙa'idojinsa kuma kaɗan ne, suna ta dawowa cikin sababbin riguna.

Ga misali. Gilashi mai tattara haske, tazarar matattararsa, wato f, santimita 10. An ajiye abu santimita 30 a gabansa. Ina hoton zai fito? Fomular ita ce 1/f = 1/o + 1/i, o nisan abin, i nisan hoton. Ke nan 1/i = 1/10 − 1/30 = 2/30, hoton yana santimita 15 a ɗaya ɓangaren. Girmansa −i/o, wato −1/2: a kife yake, rabin girman abin, kuma hoto ne na gaske da za ki iya tarewa a kan farar takarda. To amma kafin ki taɓa alƙalami ya kamata ki riga ki san inda amsar take. Abin ya wuce 2f, ya fi santimita 20 nisa, don haka tilas hoton ya faɗo tsakanin f da 2f, tsakanin 10 da 20. Idan zaɓin da aka jera miki su ne 7.5, 15, 30 da 60, kin gama cikin daƙiƙa goma. Ita 7.5 ɗin nan ba banza aka sa ta ba: ita ce amsar wanda ya tara a inda ya kamata ya debe. Masu tsara tambaya sun san kurakuran da aka saba yi, suna kuma jera sakamakonsu a cikin zaɓi, shi ya sa ganin lambar da kika samu a jerin ba hujja ba ce cewa kin dace.

Wurare biyar ne abu zai iya tsayawa gaban irin wannan gilashi: bayan 2f, daidai kan 2f, tsakanin f da 2f, daidai kan f, da kuma cikin f. Ki zana kowanne da hannunki, da rula, har sai kina iya ganinsu ido rufe. A kan 2f hoton daidai girman abin yake, a kife. Tsakanin f da 2f ya fi abin girma, a kife, ya wuce 2f. A kan f babu hoto, hasken ya fita a miƙe. A cikin f kuwa hoton a tsaye yake, babba, kuma na gani-kawai ne, ba ya taruwa a takarda; wannan shi ne gilashin ƙara girman rubutu. Madubi mai rami daidai wannan tsarin yake bi, sai dai hotonsa na gaske a gabansa yake fitowa. Gilashi mai watsa haske da madubi mai ƙundu, irin na gefen mota, su kam ba su da rigima: duk inda kika ajiye abu, hoton ƙarami ne, a tsaye, na gani-kawai. Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Colorado, kyauta ce a intanet, kina jan abu gaba da baya kina kallon hoton na sauya wuri. Ki yi wasa da ita yamma guda, sannan ki koma takarda, domin ranar jarrabawa hannunki ne zai yi zanen. Batun alamun fulos da mainas kuma, littattafai sun ɗan bambanta. Ki ɗauki tsari ɗaya ki riƙe, kada ki gauraya.

Ki saba da dayofta tun yanzu, tunda da ita za ki riƙa rubuta wa mutane tabarau. Ƙarfin gilashi a dayofta shi ne 1 raba da f, amma f a mita. Gilashin +2.00 matattararsa santimita 50 ce. Mutumin da ba ya ganin nesa, wanda iyakar inda yake gani tangaram santimita 50 ne, idonsa ya cika ƙarfi, hoton na faɗowa kafin ya kai tantanin bayan ido, sai a ba shi −2.00 don a rage. Wanda hoton ke wuce masa tantanin, fulos ake ba shi. Kuskuren da ya fi kama mutane a nan shi ne mantawa da mayar da santimita mita, sai su sami 0.02 a maimakon 2. Idan aka manna gilasai biyu sirara, ƙarfinsu taruwa yake: +5 da −2 sun zama +3.

Idon mutum gaba ɗaya yana da ƙarfin kusan dayofta 60, kuma kusan 43 daga ciki a koniya suke, wato garai-garan fatar nan ta gaban ido, ba a ƙwayar gilashin ciki ba. Dalili kuwa, haske ya fi karyewa inda bambancin ma'aunin karya haske ya fi yawa. Na iska 1.00 ne, na koniya kusan 1.38. Na ruwa 1.33. Shi ya sa idan kika buɗe ido a cikin ruwa komai ke yin dishi-dishi: bambancin ya kusa ɓacewa, koniya ta rasa yawancin ƙarfinta. Wanda ya gane wannan ya gane dokar Snell, n1 sin θ1 = n2 sin θ2, fiye da wanda ya haddace ta. Snell ya same ta a 1621, amma masanin Bagadaza, Ibn Sahl, ya riga ya bayyana ta wajen shekarar 984 a bincikensa kan gilasai masu ƙona abu da hasken rana. Abin da za ki riƙe: haske in ya shiga abu mai ma'auni mafi girma, gudunsa ya ragu, tsawon zangonsa ya ragu, ya karkato zuwa layin da ke tsaye a kan fuskar, amma yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ba ya canzawa. Wannan na ƙarshen ana yawan tambayarsa. Haske kuma ba ya komawa ciki gaba ɗaya sai in yana ƙoƙarin fita daga mai babban ma'auni zuwa mai ƙarami. Kusurwar da hakan ke farawa kusan digiri 42 ce daga gilashi zuwa iska, 49 daga ruwa, 24 daga lu'ulu'u.

Sauran fiziks ɗin, rabin aikin a sanin dangantaka yake: idan wannan ya ninka, me zai sami wancan? Mota ta ninka gudu, kuzarin motsinta ya ninka huɗu, tazarar da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita ma huɗu. An ninka nisan da ke tsakanin caji biyu, ƙarfin da ke tsakaninsu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. An ninka tsawon igiyar lilo sau huɗu, lokacin zuwa da dawowarsa ya ninka biyu kacal, nauyin abin da ke rataye kuwa bai shiga lissafin ba sam. Duk fomular da kika koya, kada ki wuce ta sai kin yi mata wannan tambayar a kan kowane harafi da ke cikinta. Tambayoyin da ba sa buƙatar alƙalami su ne ke tara miki lokacin da za ki kashe a kan masu buƙata.

Inda lissafi ya zama dole, ki sauƙaƙa wa kanki. Ki ɗauki g a matsayin 10 sai in an faɗi wani abu daban. Ki san sin 30 rabi ne, sin 45 kusan 0.71, sin 60 kusan 0.87, ki kuma gane alwatika mai ɓangarori 3, 4, 5 da zarar kin gan ta, mai kusurwa 37 da 53. Ki riƙa tambayar kanki ko hanyar kuzari ba ta fi gajarta ba. Abu ya faɗo daga mita 20, gudunsa a ƙasa √(2gh) ne, √400, wato mita 20 a daƙiƙa. Ko faɗowa ya yi kai tsaye, ko zamewa ya yi ta gangara mai santsi, amsar ɗaya ce, ba ki buƙatar kusurwar gangarar ma. Tambayar ƙarfi kuwa, komai ƙurewar lokaci, ki zana abin ki sa masa kibiyoyinsa: nauyi ƙasa, turin ƙasa a tsaye kan fuskar, gogayya tana adawa da zamewa. Daƙiƙa goman da zanen zai ci sun fi minti guda na ruɗewa araha. A karo tsakanin abubuwa biyu, momentum ba ya ɓacewa ko wane irin karo ne, kuzarin motsi kuwa sai a karon da ba a yi asarar komai ba yake tsira.

Lantarki ba shi da faɗi. Dokar Ohm, resisto a layi ɗaya ana tara su, gefe da gefe kuma jimillar kullum ta gaza mafi ƙanƙantarsu: ohm 6 da 3 sun ba da 2. Kafasito akasin haka suke. Matsin ruwa, iyo da nutsewa, zafi, igiyoyin sauti, kowanne kwana biyu ya ishe shi. Jerin batutuwan yana cikin littafin jagorar da ADA ke fitarwa kowace shekara a shafinta. Ki sauke na shekararki ki bi shi, kada ki ɓata mako a kan babin da ba ya ciki don kawai yana cikin littafin aji.

Kemistiri na gama-gari shi ne mai cin lokaci a kashin farko, don shi ke da lissafi. Za a ba ki jadawalin sinadarai a kwamfuta, don haka ba sai kin haddace nauyin kowanne ba, amma yawan buɗe shi ma cin lokaci ne. Na haidirojin, kabon, naitirojin, oksijin, sodiyam da kulorin su zauna a kanki. Komai ta mol yake bi. An ba ki giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, ruwa nawa za a samu? Mol 2 na farko, rabin mol na biyu. Kowane mol na oksijin yana buƙatar mol 2 na haidirojin, don haka oksijin ne zai fara ƙarewa duk da ya fi nauyi a sikeli. Mol 1 na ruwa, giram 18. Mai gaggawa zai tara ya ce 20. A tambayoyin iska, ma'aunin zafi a Kelvin yake aiki. Daga digiri 27 zuwa 54 na Salshiyos ba ninki ba ne, daga 300 zuwa 327 ne, ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan tarkon tsoho ne amma har yau yana kamu.

Asid da bes su ne inda rashin kalkuleta ke tsorata mutane, alhali lambobi uku sun wadatar: log 2 kusan 0.3, log 3 kusan 0.48, log 5 kusan 0.7. Idan yawan H+ ya kasance 2 × 10⁻⁵, pH ɗin 5 ne a debe 0.3, wato 4.7. Asid mai rauni, kamar na ruwan tsami na binega, mai Ka 1.8 × 10⁻⁵, a ƙarfin mola 0.1: ki ninka su, ki sami 1.8 × 10⁻⁶, tushensa kusan 1.3 × 10⁻³, pH ya ɗan gaza 3. Sau da yawa sanin cewa yana tsakanin 2 da 3, kusa da 3, ya isa ki zaɓa. A ruwan da ke riƙe pH, idan asid da abokin bes ɗinsa suka yi daidai, pH ya zama pKa, kuma nan ne tsakiyar hanya a zanen titireshan na asid mai rauni. Waɗannan ba za su rabu da ke ba bayan jarrabawa. Hawaye yana kusa da pH 7.4, ruwan gishirin asibiti kuma kashi 0.9 cikin 100 ne, giram 9 a lita, raba da 58.5, kusan mola 0.154. Tunda gishiri na rabewa biyu a ruwa, ƙwayoyin da ke ciki sun ninka, sun yi daidai da na ruwan jiki. Maganin ɗigawa da ya yi nisa da waɗannan ma'aunai yakan yi wa ido zafi.

Daidaituwar riyakshan ki koye ta da misali ɗaya, na haɗa amoniya: N2 + 3H2 ⇌ 2NH3, mai fitar da zafi. Ƙara matsi ya tura shi ɓangaren da mol ɗin iska suka fi kaɗan, wato dama. Ƙara zafi ya mayar da shi hagu. Katalis yana gaggauta isa ne kawai, ba ya gusar da inda za a tsaya, kuma zafi kaɗai ke canza K, wato lambar daidaituwar riyakshan ɗin. Sai ΔG = ΔH − TΔS, ki iya faɗin yanayi huɗun da alamominsu ke haifarwa ba tare da lamba ba. Siffofin ƙwayoyin sinadari, yadda girma da jan elektron ke sauyawa a jadawali, lambar oksideshan, rabin rayuwar sinadarai masu tururin nukiliya, duk gajerun tambayoyi ne da ya kamata ki cinye cikin daƙiƙa ashirin-ashirin. Kada kuma ki raina tambayoyin ɗakin gwaji. Wanda ya san abin da ake aunawa da bureti da abin da ake aunawa da fifet, ya kuma san asid ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, ya sami maki a sauƙaƙe.

Yanzu oganik, wanda kika ce ya ba ki wuya. Yawancin waɗanda ya wahalar, haddarsa suka yi: ɗaruruwan riyakshan, kowanne a katinsa, ba abin da ya haɗa su. Irin wannan haddar mako biyu take yi ta zube. Elektron kamar ruwa yake, daga tudu yake gangarawa kwari, daga inda ya yi yawa zuwa inda aka rasa shi. Kowace tambaya ki nemi wurare biyun nan: ina mai yalwar elektron, ina mai ƙishirwarsa? Oksijin da ke kan C=O ya janye elektron, ya bar kabon ɗin a buɗe, shi ya sa duk mai yalwa can yake kai hari. Babi biyar ko shida na littafin wannan labarin ɗaya suke maimaitawa.

Saboda haka makonki na farko a oganik kada ki taɓa riyakshan ko ɗaya. Ki zauna kan ƙarfin asid, da yadda caji ke bazuwa a jikin ƙwaya ya sami kwanciyar hankali. Ki riƙe tsanin pKa a ƙiyasce: asid na kaboksil wajen 5, fenol 10, ruwa da alkohol wajen 16, alkayin na ƙarshen sarƙa 25, amin wajen 38, alken mara haɗi biyu wajen 50. Da wannan tsanin za ki san wane bes ne zai iya cire wane haidirojin, wane rukuni ne zai yarda ya fita, da dalilin da ya sa ɗigon ruwa ke kashe sinadarin Grignard. Daga nan sai R da S, alamomin da ke nuna yadda rukunoni suka jeru kewaye da kabon, ki yi ta yi har hannu ya saba, musamman idan ƙaramin rukunin yana fuskantarki, inda sai kin juya amsar.

SN1 da SN2 na musanya rukuni, da E1 da E2 na cirewa, su ne zuciyar abin, kuma ana warware su da tambaya uku a jere: wane irin kabon ne, wa ke kai harin, a cikin wane ruwa? Kabon da ke maƙale da kabon ɗaya kacal, ga mahari mai ƙarfi mara jiki, a cikin DMSO ko asiton, SN2 ne, siffa ta kife. Kabon da uku suka kewaye, ba hanyar shiga ta baya, SN2 ta fita daga zance. In maharin mai rauni ne, kamar ruwa ko alkohol, SN1 da E1 ne, in bes mai ƙarfi ne E2. Bes mai ƙaton jiki irin tert-butoksaid ba ya iya kutsawa ciki, sai ya ciri haidirojin na gefe. Zafi kuma yana taimakon cirewa. Na tsakiya, mai kabon biyu, shi ke buƙatar dogon tunani, a kansa za ki fi yin atisaye.

Sinadaran aiki kuwa ki koye su biyu-biyu, kowanne da kishiyarsa, don haka ake tambayarsu. NaBH4 yana rage aldehaid da keton ya tsaya, LiAlH4 ya wuce har esta da asid. PCC yana kai alkohol na farko ga aldehaid ya dakata, asid na kuromik ya kai shi har asid. HBr shi kaɗai yana bin ƙa'idar Markovnikov, in an sa feroksaid ya juya. A na'urorin gano siffa lambobi kaɗan ne ke ɗauke da yawancin makin: a IR, tsini mai ƙarfi wajen 1700 C=O ne, faffaɗan tudu tsakanin 3200 da 3600 O–H ne, wajen 2200 haɗi uku ne. A NMR na haidirojin, 7 zuwa 8 zoben benzin, 9 zuwa 10 aldehaid, maƙwabta n kuma suna raba alama gida n + 1.

Idan kin ji oganik ya yi nisa da aikin ido, ki tuna da retinal. Ƙwaya ce da jiki ke samarwa daga bitamin A, tana zaune cikin furotin rodofsin a tantanin bayan ido. Haske na taɓa ta, haɗi biyun da ke kabon na 11 ya juya daga cis zuwa trans, ƙwayar ta miƙe, furotin ya sauya siffa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Gani daga nan yake farawa, kuma a kan wannan binciken George Wald ya sami kyautar Nobel a 1967. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Cis da trans ɗin da za a tambaye ki a OAT su ne dai waɗannan.

Ga yadda zan raba miki makonni goma sha biyun. Kafin komai ki zauna cikakken gwaji guda da agogo, ko da sakamakon zai ɓata miki rai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma shi zai nuna miki inda ramukan suke. Makonni shida na farko na gina tushe ne: kullum fiziks da kemistiri ɗaya, kina sauya na gama-gari da oganik, bayoloji kuma rabin awa don kada ya yi tsatsa. Kowane babi, karatu kashi ɗaya, warware tambayoyi kashi biyu. In babu kuɗin sayen littattafai, OpenStax ta Jami'ar Rice tana da na fiziks da kemistiri kyauta. Kalkuleta ki sa ta a aljihun tebur tun ranar farko. Makonni huɗu na gaba tambayoyi ne a gauraye, da agogo, domin a jarrabawa ba wanda zai gaya miki daga wane babi tambaya ta fito, gane hakan ma wani gwaninta ne. Biyun ƙarshe cikakkun gwaje-gwaje ne da bita.

Ki buɗe littafi na musamman don tambayoyin da kika faɗi, har da waɗanda kika ci da sa'a. Kada ki kwafi amsar kawai. Ki rubuta abin da ya kayar da ke a layi ɗaya: ban san ƙa'idar ba, ko na san ta na sa ta inda ba wurinta ba, ko na manta mayar da santimita mita, ko ban ga kalmar "banda" a tambayar ba. Bayan mako uku za ki ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa, su ne za ki yi wa magani. A ganina wannan littafin ya fi duk wani kwas mai tsada amfani, da sharaɗin kina komawa gare shi kowane ƙarshen mako.

A cikin minti 90 na kashin farko kina da damar kai-komo tsakanin tambayoyi, kuma a nan ƙarfinki a bayoloji zai biya ki. Ki yi niyyar gama 40 ɗinsa cikin minti 25, ki ba kemistiri na gama-gari 35, oganik 25, ki bar 5 na komawa kan waɗanda kika yi wa alama. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ki bar ko ɗaya babu amsa. Wadda ta ƙi buɗuwa bayan minti guda, ki cire zaɓin da kika tabbata ba su ba ne, ki zaɓi ɗaya, ki sa alama, ki wuce. Duk tambayoyin da ke bayanta suna jiranki, wasunsu kuma masu sauƙi ne ƙwarai.

Fiziks yana zuwa ne bayan kin shafe awa biyu da rabi kina aiki, don haka gwaje-gwajenki na gida ki yi su a jere yadda za su zo, a irin lokacin da kika zaɓa na ranar, ki ga yadda kanki yake idan ya gaji. Hutun tsakiya minti 30 ne, ki ɗauke shi: ki ci abu mara nauyi, ki sha ruwa, in lokacin azahar ya shiga ki yi sallarki, ki dawo da sauran mintuna saboda binciken ƙofa. Tunda ana zama kusan duk shekara, ke ke zaɓen rana. In da hali ki kauce wa azumi da makon jarrabawar jami'a. Shafin neman gurbi na OptomCAS yakan buɗe wajen ƙarshen Yuni, makarantu da yawa kuma suna ɗaukar ɗalibai ne yayin da takardu ke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa. In kina hangen makarantar optometri ta SUNY, jami'ar jihar New York, da ke nan Manhattan kusa da ke, ko ta Jami'ar Waterloo a Kanada, ki duba sharuɗɗan kowacce a shafinta, sannan ki sa ranar jarrabawar da wuri yadda in buƙatar sakewa ta taso, akwai sarari, domin akwai wa'adin jira tsakanin zama da zama.